Shekara biyu ina bin Wikki a gasar 'yan dagaji

Washegarin ranar da Wikki Tourists, giwar Bauchi, ta faɗo daga gasar Firimiyar Najeriya a 2023, sai da hantsi ya dubi ludayi na buɗe shago. Lafiyata ƙalau. Na dai san abin da ke jirana ne a layinmu na teloli da ke Wunti. Maƙwabcina Bakano ne, Pillars yake yi tun yana yaro, ga baki kamar reza. Ko kwado ban gama cirewa ba ya leƙo.

"Malam, ya haƙuri? An ce giwa ta faɗa rijiya."

Na ce masa giwa ko a rijiya ta fi ƙarfin akuya. Aka yi dariya. Amma da na zauna kan keke, sau uku ina zira zare a allura yana kuɓucewa.

Kawuna ne ya jefa ni cikin wannan wahala. A 1998, shekarar da Wikki ta doke Plateau United a bugun fenariti ta ɗauki kofin ƙalubale, ina firamare. Wasan ban san yadda aka yi shi ba. Abin da na riƙe shi ne ƙarar hon ɗin babura a gari, da Kawu ya ɗora ni a kafaɗa yana ihu har muryarsa ta dishe. Shi ya fara kai ni filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ya gaya mini sunan ƙungiyar daga ruwan ɗumin nan na Yankari aka samo shi. A lokacin gani nake duk duniya ba ƙungiyar da ta kai ta.

Mun kuma ga rana a 2016, zamanin koci Abdu Maikaba. Muka ƙare na uku, bayan Rangers da Rivers United, Godwin Obaje ya fi kowa zura ƙwallo a gasar da guda 18. Muka samu tikitin gasar Confederation ta Afirka, ƙungiyar sojojin Saliyo ta yi waje da mu tun a zagayen share fage. Ko a jikinmu, mun dai leƙa Afirka.

To mutumin da ya ga wannan ne aka ce ya koma kallon NNL, gasar 'yan dagaji da ke ƙasa da Firimiya. Kakar da muka faɗo ma taƙaitacciya ce, an raba ƙungiyoyi 20 gida biyu, wasa 18 kacal, biyun ƙarshe a kowane rukuni su tafi. Kafin ka ce an gyara, an riga an rufe littafi. Mu da Dakkada, da El-Kanemi Warriors da Nasarawa United muka tafi.

Abin da ya fara ba ni mamaki a gasar 'yan dagaji shi ne shiru. Ba shirun fili ba, shirun gari. Ƙungiyarku na can tana wasa a wata jiha, amma ba talabijin, ba gidan kallon da zai tayar da janareta saboda ita. Sai ka riƙe waya kana jiran wani bawan Allah da ya bi motar magoya baya ya rubuto a WhatsApp, "Minti 60, har yanzu ba ci." Sai netwok ɗinsa ya ɗauke. Ka yi la'asar, ka dawo, ba labari. Akwai ranar da na sallami mai kaya ba tare da na gwada masa riga ba, hankalina na kan wayar da ta ƙi magana.

Ba zan yi ƙarya ba, ni ma ina da ƙungiyar Turai. Arsenal nake yi, ranar Asabar ina cikin masu zama a benci a gidan kallo. A watannin farko bayan faɗowarmu na ƙara manne mata, don a can ba mai yi mini dariya sosai. Idan aka tambaye ni Wikki sai in ce, "Ai na bar su." Ƙarya nake. Ranar wasan gida sai in zame daga shago in ce zan je sayen zare, in hau acaɓa. Mutum da iyalinsa, yana satar hanya zuwa kallon ƙungiyar garinsu kamar mai zuwa wurin da bai kamata ba.

A filin ne na gane bambancin. Idan Arsenal ta sha kashi, ina jin haushi har in kai gida, in ci tuwo, shi ke nan. Ba wanda ya san da ni a Landan, son maso wani ne. A nan kuwa, lokacin da mutane suka ragu, sai fuskoki suka fito. Akwai wani dattijo da ke zama kusa da ni, kullum da 'yar rediyonsa da goro a aljihu, bai taɓa kunna rediyon ba. Ba ya ihu. In ɗan baya ya yi kuskure sai ya girgiza kai ya ce, "Yaro, a hankali," kamar yaron na jinsa. Kuma wani lokaci yana ji ɗin, don fili ba cika, murya na kaiwa. Na taɓa ganin ɗan wasa ya waiwayo ya ɗaga masa hannu. Wani daga cikin yaran ma ya taɓa kawo mini wando in rage masa tsawo, muka yi ta hira kan ciwon gwiwarsa yana jira. Na ƙi karɓar kuɗi, ya ajiye a kan teburin yanka ya fice.

Sau ɗaya na bi su wasan waje, kuma ya ishe ni. Mun yi karo-karo muka ɗauki bas, muka kama hanya bayan asuba da masa a leda. Filin da muka tarar rabi ciyawa rabi ƙasa, ƙwallo in ta faɗi ba ka san inda za ta nufa ba. Yaranmu suka riƙe wasa canjaras har lokaci ya cika. Alƙalin wasa ya ƙi duba agogo. Aka yi ta bugawa, aka yi ta bugawa, har ɗan gaban masu gida ya zube a cikin da'ira ba wanda ya taɓa shi. Fenariti. Ana ci aka hura tashi. A hanyar dawowa ba irin zagin da ba mu yi ba, sai direbanmu, wanda tun safe bai sa mana baki ba, ya ce, "To ku in baƙi sun zo muku, shimfiɗa kuke yi musu?" Motar ta yi tsit. Laifi tudu ne. Na tuna sau nawa ni da bakina na yi wa alƙali ihu a gida don ya tsorata, kuma da ya tsorata ɗin na tafi gida ina murna. Tun daga ranar na rage. Ban daina gaba ɗaya ba.

2024 ta fi yi mini ciwo. El-Kanemi da Nasarawa United da muka faɗo tare suka haye suka koma, suka bar mu. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai, Allah Ya yafe mini, shi ne a shekarar ne Gombe United da Doma United suka faɗo su ma. Ina da ɗan'uwa a Gombe, ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda ya shekara yana aiko mini hoton giwa a kwance. Na kira shi na ce, "Sannu da zuwa, ka shigo daga ciki, akwai tabarma." Tun da aka cire Gombe daga Bauchi a 1996 muke wannan tsiya da su, amma ban taɓa jin daɗinta kamar ranar ba.

Ɗana na fari kuwa Real Madrid yake yi. Na kai shi fili sau biyu. A na biyun ya tambaye ni, "Baba, me ya sa ba a maimaita cin a gani?" Na ce a nan in ka yi ƙifta ido ka yi asara. Bai gamsu ba. Ban matsa masa ba, don ni ma ban da hujjar da zan ba yaron da ya saba ganin fili kamar darduma. Kawu bai ba ni hujja ba, kafaɗa ya ba ni, kuma shi ya yi sa'a shekarar kofi ce.

Sai 2025, aka je Asaba wasannin Super 8, inda ƙungiyoyi takwas ke neman haye wa, Wikki ta samu gurbin Firimiya tare da Warri Wolves da Barau da Kun Khalifat. Na yi murna, har na saya wa 'yan layi lemo, Bakanon ma ya sha biyu. Amma wasan gida na farko da na je bayan dawowarmu, na tarar da layi tun daga bakin titi. Mutanen da suka ce mini sun bar Wikki har abada ga su nan da sababbin riguna, su ne ma kan gaba wajen waƙa. Wurin da na shekara biyu ina zama wasu samari sun cike shi, ɗaya har yana yi mini bayanin wane ne mai tsaron gidanmu. Na so in ce masa ina kake lokacin da ake ƙirga mu da yatsa, sai na tuna da zaren da nake cewa zan je saye.

Na yi ta waige ina neman dattijon nan. Sai bayan hutun rabin lokaci na hango shi can sama a kusurwa, an matse shi da bango, rediyo a cinya. Ɗan bayanmu ya ba da ƙwallo a banza, na ga bakinsa ya motsa. Ganga da ihu suka danne.