Talata a gareji: Golf mai gurzar kik

Da hantsi aka turo wata Golf 3 ta haya, mai jigilar Katsina zuwa Daura, har bakin gareji a Ƙofar Ƙaura. Direban ya ce, "Oga, kik ce. Kwanan nan na sa wata, ga shi ta koma gurza." Na ce ya murɗa makulli in ji. Ba ƙwas-ƙwas ɗin mataccen batir ba ne, ba kuma kukan kik (na'urar da ke tada inji) mai juyawa a banza ba. Ƙarfe ne ke cin ƙarfe: haƙoran bendis, ƙaramin giyan da ke bakin sandar kik, na gogar bakin haƙoran filawul, babban faifan ƙarfen da kik ke juyawa don tada inji, sun kasa shigewa.

Da batir aka fara, don wuta in ta yi rauni solonaid, maganaɗisun lantarkin da ke jikin kik, ba ya tura bendis da ƙarfi. Mita ta nuna volt 12.5 a zaune, ana murɗawa ta sauka 10.4. Lafiya lau, sai ta faɗi ƙasa da 9.6 ake zarginsa. Wayar at, wato ta nagetif, da ke kan giyabos ma a ɗaure take, ba tsatsa.

Muka cire kan batir na nagetif, muka tokare injin da jak da guntun katako, saboda a wannan mota kusoshin kik su ne kuma ke riƙe da ƙarfen mazaunin injin na gaba. Wanda ya kwance su ba tokari, injin zai zauna, ramukan su goce.

Kik na fitowa na ga bakin sandarta ya yi ƙyalli ta gefe guda. Nan matsalar take. Kik ɗin Golf mai giyar hannu ba ta da hancin da ke riƙe sandarta. Wani ɗan bushin tagulla ne, mai kama da zobe, a cikin jikin giyabos yake riƙe ta. Na haska tocila cikin ramin: bushin ya cinye, ya tashi daga zagaye ya koma kamar ƙwai. Sanda na lilo, bendis na isa filawul a karkace. Ko kik goma za a saya, muddin wannan bushin na nan, gurza ba za ta daina ba. Abin da ke ɓata mini rai ke nan, a sa talaka ya sayi kik sukutum alhali abin da ya lalace bai kai kan yatsa ba.

Fitar da shi sai da dabara. Muka murɗa tap mai yanka zare a cikinsa har ya taɓo gindin ramin, aka ci gaba da murɗawa, bushin ya biyo shi waje. Sabon ya jiƙa cikin man inji tukuna, don tagullar na shan mai, sannan aka buga shi a hankali ya zauna daidai.

Filawul kuma na sa masa alamar alli, yaro na juya injin da sifana ta kan fulin kiranshaf, ina duba haƙora ɗaya bayan ɗaya ta ramin kik. Injin silinda huɗu kusan a wuri biyu yake tsayawa in an kashe shi, shi ya sa cin yake taruwa a wuri biyu masu fuskantar juna. Haka muka tarar. Bakin haƙoran ya daku, amma ba wanda ya karye, sai na share kaushin da ƙaramin fayil.

Bendis na juyawa gefe ɗaya, ya cije ɗaya gefen, yadda ake so. An wanke sandar da kalanzir, an ɗiga mata mai kaɗan. Ban yarda da giris a nan ba. Ƙurar hunturu da garin kulochi suna cakuɗa da shi ya daskare, bendis ya maƙale.

Bayan la'asar aka ɗaure komai, mota ta tashi bugu ɗaya, da sanyi da zafi. Na ce wa direban, "Malam, in ta ƙi tashi, bari inji ya tsaya cik kafin ka sake murɗawa. Ranar da za a sauke giyabos don canza kulochi kuwa, a canza filawul ɗin gaba ɗaya."