Laraba: ɗan gwaji kafin a ɗora riga

Yau wunin ya tafi ne a kan ɗan gwaji, wato 'yar saƙar da ake fara yi don a auna girman saƙar hannu, rigar sanyin kanta ko layi ɗaya ba a yi ba. Takardar tsarin ta ce da tsinke mai kaurin milimita 4, ido 22 (madaukan zare da ke jere a kan tsinke) a faɗi da layi 30 a tsawo su cika santimita 10. Na ɗaura ido 30, na saƙa tsawon santimita 15, na wanke, na shimfiɗa ya bushe ba tare da ja ba, sannan na auna a tsakiya. Ba a auna gefe, idanun gefe kullum a karkace suke. Wankin kuwa dole ne, don ulu yakan saki jiki idan ya sha ruwa.

Ido 20 ya fito. Sai a ga kamar ido biyu ba wani abu ba ne, to amma a yi lissafi. Bayan rigar ido 110 ne. Da ido 22 faɗinsa santimita 50, da ido 20 kuwa 55. A haɗa gaba da baya, ƙirjin da aka nufa da 100 ya koma 110, kuma zare zai iya ƙarewa tun ba a gama hannu na biyu ba. Ƙara matse zare a yatsa ba magani ba ne, layi kaɗan hannu zai koma yadda ya saba. Tsinke ake saukewa. Na koma milimita 3.5.

Gwajin ya nannaɗe a gefe, kuma ba laifin hannu ba ne. Haka saƙa take idan ana layi ɗaya ta gaba (a jawo sabon ido ya fito ta gaba), layi ɗaya ta baya (a tura shi ya fita ta baya): gefuna su lanƙwasa baya, sama da ƙasa su lanƙwaso gaba. Guga ba ta hana shi dawowa. Abin da ke hana shi, ido 4 ko 5 a kowane gefe a riƙa saƙa su ta gaba a duk layi.

Idan ido ya kuɓuce ya zame ƙasa, kada a warware. A soka kwarashi a idon daga fuskar saƙar, a jawo zaren da ke kwance a kansa ta ciki, hawa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. In aka tsallake hawa ɗaya, zai bar madauki yana lilo a baya.

Gwaji na biyu ya ba da ido 22 cif, layi 29. A jikin riga wannan bai dame ni ba, tunda da awo ake bin tsawo. Wurin kafaɗa ne zan sake lissafi, domin can da ƙidayar layi ake rage ido, kuma layi 60 a hannuna ya ɗara santimita 20 na takardar da fiye da rabin santimita.