Aikin kocin hoki a bakin benci yake

A Kanada nake horar da matasa wasan hoki na kan ƙanƙara, kuma abin da ya fi cin hankalina a duk wasa shi ne canjin 'yan wasa. A hoki ba a jiran alƙali ya hura usur kafin a yi canji. Ana cikin gudu wani ya fita, wani ya tsallako katanga ya shiga. Mutum shida ne a fili: gola, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Ɗan gaba ba ya wuce daƙiƙa 45 a shiga ɗaya, domin daga nan ƙafa takan yi nauyi, ya miƙe tsaye, ya fara miƙa sanda maimakon ya bi abokin hamayya da gudu.

Na koyi kiran sunayen masu shiga tun kafin na ciki su gaji, kowa kuma ya faɗi da bakinsa wanda zai canja. Idan ba a yi haka ba, mutum biyu sukan tsallaka a madadin ɗaya, alƙali ya ba da hukuncin minti biyu saboda yawan 'yan wasa. Wannan kuskure ne ya kayar da ƙungiyar Boston a 1979 a wasa na bakwai, na raba gardama, a jerin wasanninsu da ƙungiyar Montiriyal: suna gaba da ci 4 da 3, saura 'yan mintuna, aka kama su. Guy Lafleur ya farke wa Montiriyal, Yvon Lambert ya ƙarasa su a ƙarin lokaci.

Kocin Montiriyal a ranar Scotty Bowman ne, wanda na fi nazarin aikinsa. Raunin da ya samu a kai yana matashi ya raba shi da burin zama ƙwararren ɗan wasa, sai ya koma horar da yara da farautar masu hazaƙa. Ya karɓi ƙungiyar St. Louis a 1967, ya kai su wasan ƙarshe na Kofin Stanley, babban kofin ƙwararrun hoki a Kanada da Amurka, sau uku a jere. Kofin Stanley tara ya ɗauka a matsayin babban koci: biyar a Montiriyal, ɗaya a Pittsburgh, uku a Detroit, na ƙarshe a 2002. Gwanintarsa ita ce sanin wa zai fuskanci wa. Mai masauki ne ke da damar canji na ƙarshe idan an tsayar da wasa, Bowman kuwa bai taɓa wasa da wannan dama ba.

Zango uku ake raba wasa, kuma zango na biyu ya fi wuya wajen canji. Ana sauya gefe, bencinka ya yi nisa da ragarka, 'yan bayanka su maƙale har minti biyu suna haki. Dokata a nan ɗaya ce: ba mai nufar benci sai an tsallake jan layin tsakiya da faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo, an harba shi can ƙuryar abokan hamayya. A atisaye nakan riƙe agogo in hura usur duk daƙiƙa 40, har jikin yaro ya san lokacin fita ba tare da na yi masa ihu ba.