Tace maziyartan shafi bisa abin da suka aikata

Da yawa daga cikin 'yan kasuwar Kumasi da suka buɗe shafin intanet don sayar da atamfa, turare ko takalma ba sa duban komai a Google Analytics, manhajar da ke ƙirga maziyartan shafi, sai jimillar mutanen da suka shigo, alhali a ganina babu adadin da ya kai wannan ruɗin mai shago. Wanda ya leƙo bisa kuskure ya fita, da wanda ya zauna yana kwatanta farashi, da yaron shagonka da ke buɗe shafin kullum don ya ga ko sabon hoto ya hau, duk an yi musu kuɗin goro.

Tun ranar 1 ga Yuli, 2023, da tsohon tsarin Universal Analytics ya daina karɓar bayanai, sabon tsarin Google Analytics mai suna GA4 ne ke aiki, kuma kowane motsi yana ƙirga shi daban: buɗe shafi, gangarawa ƙasa, danna mahaɗi. A wurinsa ziyara ba ta da nauyi sai ta wuce daƙiƙa 10, ko an buɗe shafi biyu zuwa sama, ko an aikata abin da mai shafin ya ayyana a matsayin muhimmi. A sashen Explore kuwa ana iya ware rukuni guda a nazarce shi, kamar waɗanda suka zaɓi kaya suka kai bakin biya sannan suka fita.

A nan ne sanin gari yake da rana. Mai saye daga unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi sau da yawa ba ya ƙarasa ciniki a kan shafi, sai dai ya danna maɓallin WhatsApp, ya taya, a yi masa ragi, ya tura kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Idan ba a ayyana wannan dannawar a matsayin muhimmin motsi ba, rahoton zai jefa shi cikin waɗanda suka fasa, har mai shago ya shiga gyaran shafin da lafiyarsa ƙalau. Saboda haka nake raba rukunin gida biyu, wanda ya fita ta ƙofar WhatsApp da wanda ya ɓace kawai, kuma na biyun ne ya cancanci a bincika ko kuɗin kai kaya ne ya kore shi ko nauyin hotuna a kan waya.

Kafin a fara, a duba wa'adin ajiyar bayanai, domin wata 2 ne a farko, sai an mayar da shi wata 14 da hannu, kuma abin da ya riga ya goge ba ya dawowa.