Daga Katsina zuwa Daura a keke: kurakuran da ba sai kun maimaita ba

Ƙannena masu shirin zuwa ganin rijiyar Kusugu da ke Daura a keke, ku fara da lissafi kafin ɗoki. Tsakanin Katsina da Daura ta hanyar Mashi kusan kilomita 80 ne. Keken gida marar giya, idan ana tafiya a ayari, bai cika wuce kilomita 15 a awa ba. Kusan awa biyar da rabi ke nan na tuƙi zalla, idan aka haɗa da hutu da faci sai ta kai bakwai. Babban kuskurenmu shi ne mun ɗauka za mu je mu dawo a kan keke rana ɗaya. Ba ta yiwuwa ga wanda bai saba ba. Ku tafi a keke, ku dawo a mota, kuma kowa ya ware kuɗin motarsa da na ɗaukar kekensa tun daga gida, a aljihu dabam.

Ku tashi da an sallame Asuba. Jiran wani ya karya kumallo ko ya nemo famfo shi ke cinye sanyin safiya, sai rana ta riske ku tun ba ku kai Mashi ba. Watan Maris zuwa Mayu kada ma ku soma, zafin ya fi ƙarfin wasa. Lokacin sanyi ya fi, amma da nasa sharaɗin: Daura tana gabas da Katsina, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take kaɗawa, don haka a fuska za ku sha ta, kuma tana ƙara ƙarfi da hantsi. Ku ƙara awa guda a lissafinku, ku ɗaura rawani ko takunkumi saboda ƙura.

Gyaran keke da yamma ake yi, ana gobe tafiya. A duba birki gaba da baya, a ɗaure duk kusar da ta saki, a ɗiga wa sarƙa baƙin mai kaɗan sannan a goge da tsumma, domin mai da yawa yashi yake kamawa. Sirdi kuma a ɗaga shi har sai ƙafa ta miƙe idan aka ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa. Mun yi tafiyar da sirdi a ƙasa, gwiwa ce ta biya.

Faci ne ya fi ba mu wahala, kuma laifinmu ne. Gefen titi cike yake da tsidau da ƙayar aduwa, duk wanda ya sauka daga kwalta da keke ya gayyato su. Ayari ya riƙe famfo biyu, sifana, gam, 'yar takardar yashi, kowa kuma da sabon tib daidai da tayarsa. Idan an gano hujin, a kankare wurin, a shafa gam siriri, a jira minti uku zuwa biyar ya sha iska har ya daina ƙyalli, sannan a manna facin a danne sosai. Wanda ya manna a kan ɗanyen gam zai sake tsayawa kafin kilomita biyu. Sai abin da muka manta: kafin a mayar da tib, a zagaya cikin taya da yatsa a hankali a zare ƙayar. Idan tana nan, sabon tib ma hujewa zai yi.

Ruwa, kowa ya ɗauki lita uku ya ƙara a Mashi, yana kurɓa duk bayan minti ashirin ko bai ji ƙishi ba. Gora ɗaya a haɗa ta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda, saboda gishirin da zufa ke fitarwa. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun fi tuwo a hanya.

A kan titi ku jera ɗaya bayan ɗaya, mai rauni a gaba, mai kayan gyara a ƙarshe. Kowa da katin shaidarsa saboda shingen jami'an tsaro, kuma ku tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin ranar.

Duk wannan don ku isa da sauran ƙarfi ne, domin mu mun isa a galabaice, muka leƙa rijiyar muka juya. Ku ba garin awa biyu aƙalla. A Kusugu ku zauna ku saurari labarin daga bakin masu kula da wurin: macijin da ake kira Sarki, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, da Bayajidda da ya kashe shi, da Sarauniya Daurama. Ku ja guga da hannunku. Ku gaida dattawa, ku nemi izini kafin ɗaukar hoto, musamman a ƙofar fada, ku bar mutum ɗaya a wurin kekuna. Da an yi La'asar ku nufi tasha, kada magariba ta same ku a hanya.