Na fita daga guruf ɗinmu na marubuta

Jiya da daddare na fita daga guruf ɗin ƙungiyarmu bayan shekara huɗu, tun asuba kuma ake ta bi na ta bayan fage wai ko faɗa muka yi da Anti, shugabar ƙungiyar. Ba mu yi faɗa ba. Na ma tura mata saƙo kafin in fita na ce Anti a yafe ni, ta turo min ɗan hoton babban yatsan nan, shi ke nan. Tunda tambayar ta yi yawa bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, masu kai rahoto ma su samu na kaiwa.

Duk wadda ta zauna ƙungiyar nan ta san dokar feji kullum. In kin fara littafi ba fashi sai Juma'a, ranar da ba ki yi fostin ba tarar naira ɗari biyu. Anti kan ce marubuci ɗan dambe ne, in ya kwana biyu bai shiga fage ba hannu ya mutu, kuma har gobe ban musa mata wannan ba. Inda na yi wauta, na ɗauka rubutu kullum da fostin kullum duk abu guda ne, ba kuma wadda ta ce min ba haka ba ne tunda fostin ɗin ke kawo kuɗi.

A 2021 ina kan littafina na biyu, na kuɗi ne, ɗari uku, guruf ɗin masu karatu ya cika maƙil, lokacin WhatsApp mutum 256 kawai yake ɗauka. Sai bayan isha'i nake taifin, na gama wanke-wanke ido na rufewa, waya na kan kashi goma sha wani abu ga ba wuta a unguwarmu Tudun Wada ta Gusau, masu karatu na ta "muna jira", "yau ba feji ne", sai in zuba duk abin da ya zo kai in tura ko waiwaye babu. A feji na 14 na kashe gwaggon yarinyar labarin, hatsarin mota a hanyar Funtuwa, har zaman makoki na rubuta da sadakar uku, mutane suka yi ta turo hoton kuka. A feji na 41 sai ga gwaggon nan daram a tsakar gida tana buɗe akwatunan lefe tana mitar atamfofin ba su kai ba. Wallahi na manta na kashe ta. Mantuwa ta gaske.

Kafin in farka an yi sharhi ya fi ɗari. Wata ta ce fatalwa ce ta zo ganin lefe, wata ta ce a tambayi gwaggo ya lahira. Wannan duk na iya shanyewa, ni na jawo. Abin da ya tsaya min shi ne saƙon murya na minti bakwai da Anti ta saka, ba ta kira ni gefe ba, a babban guruf ta saka shi gaban yaran da suka shigo bayana, wai akwai marubuta akwai 'yan taifin, wai wasu sun zo zubar mata da sunan da ta yi shekaru tana ginawa. Ta yanke in maida wa duk wadda ta nemi kuɗinta, na maida wa mutum talatin da ɗaya daga aljihuna alhali ƙungiya ta riga ta cire kasonta ba ta kuma dawo da ko sisi ba. Kuma fa a dokarmu kowane feji sai ya bi ta hannunta kafin ya fita, na 41 ɗin ma ya bi, har yau ina da amsarta, minti biyu bayan na tura: "ya yi ƙanwata, saki." Ban taɓa fito da wannan ba sai yau.

Ba a yi sati biyu ba aka yanke sabis a Zamfara gaba ɗaya, farkon Satumba, lokacin Matawalle, saboda aikin sojoji a kan 'yan bindiga. Ba kira ba data, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka, mutane na fita har wata jiha don kawai su buga waya. Kowa na kuka, ni kuwa Allah ya gani har da 'yar ajiyar zuciya na yi, ba mai sake turo min hoton fatalwa.

Kwana uku ina zaune hannu na ƙaiƙayi, ashe sabon nan ya riga ya shiga jiki, nan kam dole in gode wa tarar ɗari biyu. Na ɗauko ragowar littafin makarantar ƙanena da biro, bayan sallar asuba kafin a ɗora koko na fara rubutu, ganye biyu. Ba labarin so ba ne, ba ma labari ba ne. Rana ta farko cinikin da na ji a Tsohuwar Kasuwa na rubuta, wata tsohuwa da mai tattasai, yadda ta ce mai "ɗan nan, tsada ta kai inda ta kai, ka ji tsoron Allah ka ƙara min ko guda" tana ƙulle canjinta a bakin zane. Da na karanta shi da ƙarfi sai na ji muryar mutum a takarda, abin da ban taɓa ji ba a feji sama da ɗari da na saki, don mutanen littattafaina duk baki ɗaya gare su, baƙin Kano na cikin fim, ko wadda na ce 'yar Kaura Namoda ce. Inna ta leƙo ta gan ni ina magana ni kaɗai ta ce "ke ɗiyar ga, mi kika karantawa haka, ko aljanun wayar ne sunka dawo ma takarda?" Ita ma na rubuta ta washegari, da "sunka" ɗinta yadda ta faɗa.

Kwana ashirin da wani abu ina haka, ba mai jira ba mai yabo. Wata rana shirme ne zalla, in ja layi in bar shi, ba wanda ya biya balle ya nemi kuɗinsa. Da biro hannu ba ya gudu irin na waya, kafin ki rubuta "dara-daran idanunta farare tas" kin gaji kin tambayi kanki ko dole ne. Ranar 1 ga Oktoba da sabis ya dawo Gusau na cika littafi ɗaya da rabi, na koma na karanta tsohon labarina tun daga feji na 1, karo na farko kenan da na taɓa yin haka, na ga gwaggo ma ƙaramin laifi ce, yarinyar ta yi shekara uku tana aji shida.

Daga nan ban fasa ba, ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni sai na ja layi huɗu. Amma abin da na rubuta yau ba ya fita yau, sai ya kwana bakwai na sake karanta shi da ƙarfi. Wannan ne ya yi ta haɗa ni da doka, na biya tara har na daina ƙirgawa.

Sauran ƙanana ne. Bayan littafi ina da shafin sunaye, wa ya haifi wa, shekarunsa nawa, wa ya mutu a feji nawa. "Ya ce" kalma biyu ce, ƙ da k ba ɗaya ba ne, ki sa allon rubutu mai ƙugiya a wayarki. Ki gwada matse labari cikin kalma 1,000 zuwa 1,500 irin na gasar Hikayata ta BBC Hausa ko ba za ki tura ba, nan za ki ga rabin abin da kike zubawa ruwa ne. Kar ki bar kwafi ɗaya tal a waya. Kuɗin littafinki ya shigo asusunki, ba na wata ba.

Ƙannena da ke ciki har yanzu, ban ce kowa ta fita ba, Anti ta iya tara jama'a, wannan ba a ƙwace mata. An ce min da safen nan ta saka a guruf wai ana bi na tarar ɗari shida ta watan jiya. Zan tura in na sayi data. Littafin makaranta na goma sha ɗaya nake cikawa yanzu, na yau a kan mai awarar bakin layinmu ne da yaron da ke cin bashi da sunan babarsa, ban gama ba koko ya huce.