Wace manhaja ce za ta riƙa tuna wa maigida abubuwan gida?

Duk gidan da ka shiga a ƙauyukanmu na nan tsakanin Taura da Ringim, in ka bincika za ka tarar mutum ɗaya ce ke riƙe da lissafin gida a ka, kuma matar gidan ce. Ita ta san ranar awo, ita ta san yaushe ne allurar yaro ta gaba, ita ta san ranar zubin adashi da sunan gidan wance da ranar da malamin Islamiyya ya ce a kai kuɗin wata. Shi kuwa maigida lissafinsa na kasuwa ne da gona, in ba a tuna masa ba ba zai tuna ba, in kuma aka tuna masa sau biyu sai ka ji an ce ke dai kin cika mita. Ni abin da nake nema tun farko ba wani abin burgewa ba ne, so nake waya ta yi ƙara a aljihunsa a lokacin da ya dace, ba sai na buɗe baki ba.

Nawa maigidan harkar riɗi da zoɓo yake yi, Lahadi yana Gujungu, Litinin Shuwarin, Alhamis Maigatari, in kaya sun taru kuma ya bi mota zuwa Dawanau ya kwana can. Mutumin da tun asuba ya fita sai bayan isha zai dawo a gajiye ba za ka tare shi da zancen cewa jibi ne za a kai yarinya asibiti ka sa ran zai riƙe ba, zai ce to, kuma har ga Allah da gaske yake to ɗin, amma gari na wayewa ya tafi da iska.

Kowa da WhatsApp yake farawa, mu ma haka. Kuma gaskiya yana da abin da babu wata manhaja da ta kai shi, wato saƙon murya, don ba kowa ne rubutun boko ya zauna masa a hannu ba, ka danna ka yi magana shi kenan. Akwai kuma damar maƙala saƙo a saman hira, ka zaɓi ya zauna awa 24 ko kwana 7 ko kwana 30. Matsalar ita ce saƙon da aka maƙala yana zaune ne shiru sai ka buɗe hirar ka gan shi, shi kuma saƙon murya da na tura da safe kafin azahar ya nutse ƙarƙashin gurup ɗin ƴan kasuwar hatsi da na ƴan unguwa da na tsofaffin ɗalibai da wa'azozin da ake ta turowa. Don haka WhatsApp na magana ne, har yanzu da shi muke magana, amma riƙon rana ba aikinsa ba ne a wurinmu.

Su kuma waɗannan manhajojin da aka yi musamman don ma'aurata, masu hoton zuciya ja a Play Store, na duba wasu na bar su. Yawancinsu lissafa maka suke kwana nawa da haɗuwarku, da tuna maka ranar fita cin abinci da daddare, sannan abin da ke da ɗan amfani a ciki an kulle sai ka biya kuɗin wata-wata. Kuma an gina su ne a kan mutum biyu cak. To gidan da ke da uwargida da amarya fa, ga Inna a sashenta tana shan maganin hawan jini, ga ƙanin miji da shi ke kai yara makaranta a mashin? Ba da irin gidajenmu aka yi lissafi ba. Wata da na sa na gwada, ba zan kama suna ba, talla take watso maka kafin ka ga komai, ga cin data, alhali tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 a farkon 2025 kowa lallaɓa datarsa yake.

Abin da na ga ya fi kowanne muhimmanci, kuma ba na jin ana faɗarsa, shi ne da wayar da ta fi rauni a gidan ake zaɓe. A yawancin gidaje maigida ne ke sayen sabuwa ya miƙa wa matar tsohuwar, mai fasasshen gilashi, memori ya cika da hotunan biki, batir ba ya kai la'asar. Kuma wannan mai tsohuwar wayar ita ce za ta riƙa shigar da ranakun, tunda ita ta san su. In manhaja ta yi wa wayarta nauyi, tana buɗewa tana tsayawa, to magana ta ƙare ko da a tasa wayar tana gudu kamar me. Shi ya sa na fi karkata ga abin da ya riga ya zo a cikin wayar, ba sai an sauke wani sabo ba, kuma a wayoyin Android da yawa Google Calendar na nan zaune ba wanda ya taɓa buɗe shi.

Amma kafin a kai ga nan akwai wani tsalle da sai an yi. Mutane da yawa a nan ba su san adireshin Gmail ɗinsu ba balle kalmar sirri, ranar da aka sayi wayar yaron shagon caji ko mai tura waƙa ne ya buɗe musu don a samu a sauke WhatsApp, ya rubuta a ƴar takarda, takardar kuma ta bi wanki. Ga shi raba kalanda da Gmail ake yi. Adireshin dai ba wuya, a shiga Play Store a danna ɗan da'irar da ke sama ta hannun dama za a gan shi. Kalmar sirrin kuwa a zauna a sabunta ta tun layin da aka yi rajista da shi na hannu, a rubuta a bayan littafin da ba ya fita daga ɗaki. Wanda ya tsallake wannan, ranar da waya ta faɗa rijiya ko aka zare ta a kasuwa duk ranakun da ya tara sai su gagare shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce in zan sa wani abu, sai in danna alamar ƙari, in rubuta da Hausata, misali Allurar Auta a asibiti, a taho da kati, in sa rana, sai in ƙara Gmail ɗinsa a wurin da ake gayyatar mutane, shi kenan ya bayyana a tasa kalandar. Wanda yake son abin ya fi haka tsari zai iya buɗe rukunin iyali na Google, yana ɗaukar mutum 6 har da wanda ya buɗe, kuma da an buɗe kalandar iyali na fitowa da kanta, duk wanda ke ciki zai gani zai kuma iya ƙarawa. Abin lura ɗaya, ƙarar tunatarwa kowa a wayarsa yake saita tasa. Ni na karɓi tasa na sa masa guda biyu, ɗaya kwana ɗaya kafin ranar, ɗaya da sassafe, don ta kwana ɗaya ɗin ita ce ke sa ya ware kuɗin mashin ko ya ce wa ƙaninsa ya tsaya. Tunatarwar minti goma kafin lokaci ta ƴan ofis ce, ba ta da amfani ga wanda ke tsakiyar ciniki a Maigatari.

Wurin da abin ya fi yi min rana shi ne rigakafi. Ranar da aka haifi yaro ranakun nan duk sanannu ne, akwai ta haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, sai a yi dogon shiru har wata 9 da ake yin ta ƙyanda da shawara, sai ta ƙyanda ta biyu a wata 15. Na farkon ba a cika mantawa ba don suna kusa da juna kuma ana cikin jego kowa na tambaya. Ta wata 9 da ta 15 su ne ke sulalewa, yaro ya yi ƙwari yana rarrafe ko yana tafiya, damina ta shigo, kowa na gona, ba wanda ya ƙara duba katin. Zama ɗaya na yi na shigar da su duka. Ranar da wayarsa ta yi ƙara yana shirin fita, ya leƙo ya ce, wai gobe ne allurar Auta? Na ce eh Malam, gobe ne. Ya ajiye kuɗin mashin a kan taga ya tafi, maganar ke nan gaba ɗaya. Katin dai ba a yar da shi saboda waya, shi ma'aikaciyar asibiti za ta nema, kuma in ta rubuta wata rana daban tata ake bi a gyara ta waya.

Sai maganar watan Musulunci, don mu bikinmu da tariya da azumin nafila duk da shi ake lissafi, a ce bayan Sallah ƙarama da sati biyu, ko goma ga watan Takutaha. A cikin saitin Google Calendar akwai wurin ƙara kalanda ta biyu, ana iya zaɓar Hijiriyya, sai kwanan watan ya riƙa fitowa kusa da na bature. Sai dai lissafi ne aka yi tun gaba, mu kuma ganin wata muke bi da sanarwar Sarkin Musulmi, don haka wani watan za a ga bambancin kwana ɗaya. In abu ne mai muhimmanci irin ɗaurin aure, da ranar mako nake kama shi, Asabar ko Lahadi, wannan ba ya motsi. Haka ma lokaci, waya ƙarfe kaza take so, mu kuma bayan la'asar muka sani, sai in rubuta bayan la'asar ɗin a cikin sunan abin in sa ƙarar ta riga shi.

Yayata da ke aure wajen Gumel su biyu ne a gidan, kuma ita TimeTree take amfani da ita, wata manhaja ce ta Japan da ta fito a 2015. Abin da ya ja ta shi ne da link ake gayyata, ka tura ta WhatsApp mutum ya danna ya shigo, kuma ƙarƙashin kowane abu ana iya rubuta magana, kamar a ce na biya, ko an ɗaga zuwa Talata. Tana da kalanda ɗaya ta gida gaba ɗaya, kuɗin makaranta da maganin tsohuwa da bukukuwan dangi, sannan wata daban tsakaninta da mijin kawai, abokiyar zamanta ma da tata. Na ga hikimar wannan sosai, don ranar awonki ko bashin da kika ci ba dole ne kowa ya gani ba, kuma duk abin da aka sa a ta gida a ɗauka an faɗe shi ne a tsakar gida. Rabon girki ma ana iya sa shi ya riƙa maimaita kansa, amma ta ce ba su sa ba, wannan ba mai mantawa, kuma in maigida ya yi tafiya lissafin kan canza, kar waya ta zo ta haɗa faɗa.

Cefane kuwa da sautu Google Keep ya wadatar, jeri ne mai ɗan akwati a gefe, in na rubuta manja, sabulu, takalmin makaranta lamba kaza, shi yana saye yana dannawa ina gani daga gida in akwai sabis. Ba wani dogon bayani a nan.

Abu biyu ne ke kashe duk wannan tsarin. Na farko wayoyi da yawa masu sauƙin kuɗi suna rufe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, sai lokaci ya yi shiru, ka ɗauka manhajar ce ba ta da kyau. A shiga saitin batir a cire wa kalandar wannan takunkumin, a kuma tabbatar an bar ta ta turo sanarwa. Na biyu sabis, abin da na shigar a nan sai wayata ta samu intanet zai tafi, sai tasa ma ta samu zai sauka, amma da zarar ya sauka ko data a kashe take zai yi ƙara a kan lokaci. Saboda haka ba a shigar da abin gobe yau da daddare a kwanta, in abu ya matso haka kira ake yi. Ga kuma waya da ta kwana a shagon caji, ta yi ƙararta a can cikin sauran wayoyi ba mai ji, wanda ke da ƴar sola a gida ya huta da wannan.

Gidan da ɗaya ke da ƙaramar waya mai tocila kuwa kar su wahalar da kansu da sauke komai, mai babbar wayar ya riƙe kalanda, ita kuma ƙaramar a sa mata alam, yawancinsu ma suna da kalanda a ciki, kuma batirinsu na kwanaki ba a yi caji ba. Ta Inna haka muka yi mata, alam ɗaya bayan sallar asuba saboda maganinta.

Bana da damina ta faɗi na buɗe kalandar na ga an ƙara wani abu da ba ni na sa ba, an rubuta zuba yuriya gonar gabas, babu ko alamar ƙara, sai na sa masa. Daga baya ya ƙara ranar da zai biya mai taki da ranar da ƴan ƙwadago za su zo maimai, wannan kuma ni ya yi wa amfani don na san ranar da zan ɗora tukunya babba.